Farar Ƙasa, Auduga da Kara: Darasin Zane a Makarantun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin ya nufi kudancin Jihar Katsina, ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, zai kuma shiga ajin firamare ya duba wani darasi da ba a cika kawo maganarsa a taron iyayen yara ba, wato darasin zane da aikin hannu. Malamai da iyaye da 'yan kwamitin makaranta, a gyara zama, maganar ta shafi kowa.

A takarda, darasin yana nan da ransa. Hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta sa shi cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008, kuma da aka yi wa manhajar kwaskwarima aka soma amfani da sabuwar a 2014, bai faɗi ba. Malamai suna kiransa CCA. Ya haɗa zane da sana'o'in hannu, da waƙa da wasan kwaikwayo, da al'adun gargajiya, kuma ana son yaro ya fara shi tun daga aji ɗaya.

Amma duk wanda ya leƙa aji a lokacin darasin ya san yadda ake yawan yi. Malam zai rubuta ma'anar zane a allo da Turanci, ya jero sunayen launuka, yara su kwafa. Ranar jarrabawa a tambaye su abin da suka kwafa. Yaro sai ya ci maki mai yawa a darasin zane alhali yatsunsa ba su taɓa shafar launi ba. Ba a ce laifin malamin ne shi kaɗai ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ajujuwa da dama a cikin garin Ƙanƙara ko Faskari sun wuce haka nesa. Ba takardar zane, ba fenti, kuma sau da yawa wanda aka ɗora wa darasin wani fanni daban ya karanta a kwaleji.

Manya daga cikin masu sauraro za su tuna zamanin aikin hannu. A shekarun shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, daga 1976 zuwa gaba, ɗan firamare kan tuƙa igiya da ramar da ya saɓe da kansa, ya ɗaure tsintsiya, yarinya ta ɗinka faifai ko ta saƙa mafici, a kawo wa malam ya duba ya ba da maki. Sannu a hankali abin ya lalace. Aka koma sayo tsintsiyar a kasuwa ana kaiwa, daga baya ma wasu wurare suka ce a kawo kuɗin kawai. Nan ne darasin ya mutu, ya bar sunansa a jadawali. Alhali kuwa karatun boko a Arewa da aikin hannu ya soma: makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a inda gwanayen gari suke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki.

To me yaro ke samu a darasin, har da za a ɓata lokacin rediyo a kansa? Ɗan shekara shida da ke murza yumɓu yana yanka kwali yana jan layi da gawayi, tsokar yatsunsa yake horarwa, waɗannan yatsun ne kuma za su riƙe fensir su rubuta baƙi da wasali. Yarinyar da aka ce ta zana ganyen kuka da na ɗorawa dole ta tsaya ta duba bambancinsu, kuma duba abu da kyau shi ne matakin farko na kimiyya. Mai ƙirga zare a ɗinkin hula, uku ja biyu baƙi, uku ja biyu baƙi, lissafi yake yi ko bai sani ba. Ga kuma maganar abinci. Tela da mai ɗinkin hula da mai kwalliyar silin da mai fentin gida da mai zanen lalle da matashin da ke tsara katin biki a kwamfuta, duk ido da hannu suke sayarwa, kuma galibinsu sun fi samun na cefane a kan mai takardar da ke zaman jiran aikin gwamnati.

(Kiɗa kaɗan)

Amsar da aka saba ji ita ce babu kayan aiki. A nan ne mutumin Ƙanƙara ya kamata ya dakata ya yi tunani, domin ƙasarsa tana cikin wuraren da suka yi suna a Nijeriya wajen farar ƙasa. Farar ƙasa tana samuwa ne idan ruwa ya daɗe yana cin wani sinadari da ke cikin dutse har ya ruɓe ya zama gari mai laushi. Manyan motoci suna ɗibar ta zuwa masana'antu a yi fenti da alli da tangaran da takarda, har da magunguna. Wato kayan da ake cewa makaranta ba ta da kuɗin saya, asalinsu daga ƙarƙashin ƙafar yaran ya fito.

Haɗa fentin aji da ita ba wuya. A daka farar ƙasa a tankaɗe, a jiƙa ta a bokiti ta kwana, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, a tsiyaye mai laushin. A zuba ruwan ƙaro kaɗan don ta kama takarda, kamar yadda almajiri ke yi wa tawadarsa. An sami fari ke nan. Baƙi kuwa gawayi ne da ƙaro. Jar ƙasa tana ba da ja mai duhu, karan dafi yana ba da jan da dukawa ke rina fata da shi, gangamau yana ba da rawaya, zoɓo yana ba da launi mai kyau duk da yakan koɗe idan ya daɗe, shuɗi kuma ga shi a bulan wanki ko a wurin masu rini da baba. Idan aka gauraya kowannensu da farin, sai ya yi haske, yaro ya gani da idonsa yadda launi ɗaya ke haifar da uku. Buroshi, a tauna kan asawaki ya yi laushi, ko a ɗaure gashin kaza a tsinke. Takarda, ga kwalin taliya da na sabulu a kowane shago, ga bayan tsohuwar kalanda. Manne kuwa sitacin rogo ya isa.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da babbar murya: kada malami ya tura yara ramin haƙar farar ƙasa. Ramukan suna ruftawa, sun kuma ci rayuka a wurare daban-daban. Babban mutum ne zai samo rabin buhu ya kawo, ya wadaci aji har ƙarshen zango.

Sai batun koyarwa bisa jigo, wanda shi ne zai hana darasin zane zama saniyar ware a jadawali. Abin nufi shi ne malaman aji su zaɓi abu guda da yara suka sani, su yi mako uku ko huɗu kowane darasi yana ɗiba daga gare shi. A ƙasar Faskari, wane jigo ya kai auduga? Daudawa ta daɗe da suna a harkar irin auduga tun zamanin Turawa, ga Funtuwa kusa da injinan gurzarta da masaƙarta, ga layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wanda auduga da gyaɗa na cikin manyan dalilan shimfiɗa shi. Yaro ɗan aji huɗu a Yankara ko Mairuwa ya san gonar auduga tun kafin ya san harafin A.

A ɗauka an tsayar da wannan jigo bayan hutun damina, lokacin da auduga ta fara fashewa. A darasin kimiyya yara za su shuka angurya a gwangwani su riƙa auna tsiron da tsinke kowace safiya. A darasin zane su zana abin da suka gani, ganye da fure da ƙwallon da ya buɗe, su manna audugar gaske a kan zanen. A lissafi su auna nauyin auduga kafin a cire iri da bayan an cire, su gano da kansu cewa irin ya fi tsantsar audugar nauyi, su lissafa abin da manomi zai samu idan kilo ya kama kaza. A darasin Hausa su rubuta jimla biyar kan ranar cirar auduga a gonarsu. A tarihi a ba su labarin jirgin ƙasa da fataken zane. Rana ta ƙarshe kuwa a gayyato wata tsohuwa daga cikin gari, ta zo da magurjinta da bakan shiɓa da mazari da alli, ta zauna a tabarma ta gurza ta shiɓa ta kaɗa zare a gaban aji. Yaran da suka ga zare yana fitowa daga tsakanin yatsun kakar abokinsu ba sa buƙatar a sa su haddace ma'anar saƙa. Gani ya kori ji.

Wannan sana'a ta kaɗi tana ƙarewa tare da masu ita. A ƙauyuka da yawa tsofaffin da suka iya ba su da magada, 'yan mata kuma ba su taɓa riƙe mazari ba. Awa ɗaya a aji ba za ta farfaɗo da sana'ar ba, amma za ta sa yaran su san cewa rigar da ke jikinsu tana da asali, kuma kakanninsu masana ne.

A Sabuwa, inda masara da dawa suka cika gonaki daga Damari zuwa Machika, jigon kaka ya fi dacewa. Kara yana nan kyauta bayan girbi, kuma yaran sun riga malam iya sarrafa shi. Wane ne bai ga motar kara ba, da tayoyinta da ƙofofinta, ko tabarau da keken da yara ke haɗawa da ɓawon kara da totuwarsa? Yaron da ake kora daga aji saboda yana wasa da kara, injiniyanci yake gwadawa. Abin da ya rage ga malami shi ne ya shigo da wasan cikin darasi: a auna tsawon motar da rula, a zana ta a takarda kafin a haɗa, a gina rumbu ƙarami da yumɓu a yi masa hular ciyawa, a tambayi yara dalilin da ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu. A nan za a shiga maganar gara da danshi da ɓera, kimiyya ta shigo ba tare da an kira sunanta ba.

(Kiɗa kaɗan)

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da gida. Malami ɗaya ba zai iya kaɗi da saƙa da ginin tukwane da sassaƙar ƙwarya ba, amma a cikin iyayen yaran aji guda akwai mai kowace. Tarihin gwanayen ƙasar nan ma haka ya nuna. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukunya wurin wata 'yar'uwar iyayenta a ƙauyen Kwali. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Ta zaga Ingila da Jamus da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ba ta yi karatun boko ba. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masallacin da masana gine-gine ke zuwa kallo har yau, a hannun magina ya tashi.

Hanyar shigar iyaye a buɗe take, domin kusan kowace firamare tana da kwamitin makaranta na SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa da liman da iyaye maza da mata da masu sana'a. Shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar tare da gwamnatin Katsina tsakanin 2012 da 2022 ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata a makarantu da dama. Yawanci aikin waɗannan kwamitoci bai wuce gyaran rufi da bin yaran da suka daina zuwa ba. Aiki ne mai kyau, amma za a iya ƙara musu wani: su zauna da hedimasta a farkon zango su rubuta sunayen masu sana'ar hannu a unguwa, a tsara wanda zai zo wane mako.

Uwar da ba ta fita fa? Ita ma tana da rabo. Malam ya ba yarinya aikin gida irin wanda sai da Inna za a yi shi: ta tambayo sunayen zanen da ke kan faifan gidansu, ta kwafo adon da ke jikin ƙwaryar fura, ta koyo yadda ake rina kaba. Uwar da ba ta iya duba littafin Turanci ba, a wannan aikin ita ce malama, kuma ranar da 'yarta ta dawo ta ce malam ya yaba, makaranta ta daina zama baƙon wuri a wurinta. Ƙarshen zango a baje kayan da yara suka yi a farfajiyar makaranta ranar karɓar sakamako, a ware lokacin mata daban idan haka gari ya fi so. Uban da ya ga rumbun da ɗansa ya gina da sunansa a jiki zai yi wuya ya cire shi daga aji ya tura shi kiwo.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da zane saboda addini, kuma damuwarsu abin girmamawa ce. Malamai sun yi bayani mai yawa kan sura ta abu mai rai, wanda yake son hukunci ya tambayi malaminsa. Abin da shirin zai ce shi ne filin da ba a saɓa a kansa ba yana da faɗi ƙwarai: itatuwa da furanni da gidaje da kayan gona, da adon bango irin na magina, da dagi, da zanen hula. Makarantar allo ma tana da nata gwanintar. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da layukansa da da'irorinsa da launukansa ja da rawaya da kore, aikin fasaha ne na ƙin ƙarawa, kuma mai yin sa ya san awo da daidaito fiye da yadda ake zato. Gayyato alaramma mai zayyana ya nuna wa 'yan aji biyar yadda ake raba da'ira gida takwas zai koyar da lissafi, ya kuma kwantar da hankalin iyaye a zama ɗaya.

(Kiɗa kaɗan)

Ba za a yi maganar makaranta a wannan yanki a tsallake abin da kowa ya sani ba. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 ranar 17 ga watan. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Ƙauyuka sun tashi, makarantu sun rufe, wasu ajujuwan sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaran da ke firamare yau a cikin wannan hali suka buɗe ido.

Idan aka ba irin wannan yaro takarda, mai yiwuwa babur zai zana, da mutum uku a kai da bindiga. Malam, kada a doke shi, kada a yaga takardar, kada a yi masa dariya a gaban aji. Abin da bakinsa ya kasa faɗa ne ya fito ta hannunsa. A tambaye shi a hankali, a saurare shi, idan abin ya yi nauyi a sanar da iyayensa. Ma'aikatan jin ƙai da suka yi aiki da yaran Borno sun daɗe suna amfani da zane da wasa don wannan dalili. Bayan haka a ba shi wani abin ginawa, domin yaron da ya ga an ƙone rumbu yana buƙatar ya ga hannunsa ya tayar da wani, ko da na yumɓu ne.

An taɓa yin haka a wata ƙasa. A 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, mutanen wani ƙauye mai suna Villa Cella kusa da birnin Reggio Emilia a Italiya suka sayar da tankar yaƙi da motoci da dawakan da sojojin Jamus suka bari, suka tsinto tubali daga gidajen da bam ya rushe, maza da mata suka gina wa ƙananan 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya ji labari ya hau keke ya je gani, ya zauna tare da su. Daga nan aka sami tsarin da malamai daga ƙasashe da yawa ke zuwa koyo a yau: yara suna bin jigo ɗaya na tsawon makonni, kowace makaranta tana da ɗakin zane, iyaye kuma suna cikin tafiyar da ita. Talakawa ne da suka fito daga yaƙi suka fara shi, ba su jira gwamnati ba.

Wani zai ce yaran da ba su iya karatu ba, ina su ina zane? Tambaya ce mai nauyi, domin matsalar karatu a ajujuwan farko gaskiya ce, ita ce ma ta kawo shirin RANA na koyar da karatu da Hausa a Katsina da Zamfara. Sai dai ba a ce a rage lokacin karatu ba. Darasin zane yana da gurbinsa a jadawali tuntuni, ana ɓata shi ne da kwafe-kwafe. Yaron da ya zana rumbu ya rubuta "rumbu" a ƙasansa, ya ƙara da "rumbun Baba ya cika", ya yi karatu da rubutu a kan abin da ya fito daga kansa, kuma irin wannan jimla ba ta saurin gushewa.

Saboda haka kira na farko ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Katsina, SUBEB, da sakatarorin ilimi na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: a sa makin wannan darasi ya dogara da abin da yaro ya yi da hannunsa, a kuma hana karɓar kuɗi ko kayan kasuwa a madadinsa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina su koya wa ɗalibansu haɗa fenti da kayan gida kafin su tura su koyarwar gwaji. Hedimastoci su zaɓi jigo ɗaya tak a zango mai zuwa su gwada. Ku kuma iyaye, Baba maƙeri, Inna mai saƙar faifai, Kaka mai mazari, idan takarda ta zo daga makaranta ana neman awa ɗaya daga lokacinku, ku amsa. Idan ba ta zo ba, ku aika wa hedimasta cewa kuna nan.



(Kiɗan rufe shiri)